Tarihin Boila: Dalilin Da Ya Sa Ruwan Zafi Ke Ɗaukewa A Gidajen Turai



Duk wanda karatu ko aiki ya kai shi Ingila, akwai wata safiya da ba ya mantawa da ita. Watan Janairu ne, sanyi har cikin ƙashi, ya tashi da asuba zai yi alwala, ya murɗa famfon ruwan zafi, sai ruwa ya zubo kamar daga firij aka ɗebo shi. Ya taɓa lagireton da ke ɗumama ɗaki, shi ma sanyi ƙalau. Ya leƙa kicin, ya tarar da farin akwatin nan da ke maƙale a bango, wato boila, yana ta ƙyafta wata lamba da bai san ma'anarta ba. Mu a gida in hita ta ƙi aiki, sai a ɗora tukunya a wuta, magana ta ƙare. A can kuwa na'ura ɗaya ce ke riƙe da ruwan wanka da ɗumin gida gaba ɗaya. In ta tsaya, gidan ba ya zaunuwa, balle in akwai jariri ko tsoho a ciki.

Sau da yawa fa boilar lafiyarta ƙalau, kashe kanta ta yi da gangan. Yawancin abubuwan da ke sa ta tsayawa matakan tsaro ne da aka riƙa ƙara mata ɗaya bayan ɗaya, wasunsu ma sai da aka yi asarar rayuka. In ka san yadda aka yi kowanne ya shigo, za ka san inda za ka fara dubawa.

Ɗumama gida da wuta ɗaya tsohon tunani ne. Rumawa, shekaru sama da 2,000 da suka wuce, suna ɗaga daɓen gidajen wankansu a kan 'yan ginshiƙai, bayi su yi ta iza wuta a gefe, iska mai zafi tana ratsawa ta ƙarƙashin daɓen. Zagaya ruwan zafi cikin bututu kuwa sai a ƙarni na 19 ya kankama. A 1831 wani ɗan Amurka mazaunin Landan, Angier March Perkins, ya yi rajistar tsarin da ke zagaya ruwa mai tsananin zafi cikin ƙananan bututun ƙarfe. A tsakiyar shekarun 1850 kuma Franz San Galli ya ƙera lagireton ɗaki a birnin San Fitasbag na Rasha. Duk waɗannan na gidajen masu hali ne. Talaka in zai yi wanka, dafa ruwa yake yi a murhu ya juye a baho, kamar dai yadda muka sani.

Labarin ruwan zafi daga famfo ya fara ne a 1868, kuma abin mamaki, mutumin mai fenti ne. Benjamin Waddy Maughan ya ƙera wata na'ura a Landan wadda ruwan sanyi ke gangarowa daga samanta, wutar gas na ci a ƙasa, kafin ruwan ya iso baho ya yi zafi. Ya raɗa mata suna Geyser, sunan wata maɓuɓɓugar ruwan zafi da ke ƙasar Aisland. Har yau a Indiya da Afirka ta Kudu "giza" ake ce wa hitar banɗaki. Matsalar ita ce na'urar ba ta da bututun fitar da hayaƙi. Mutum ya rufe kansa a ɗan ƙaramin banɗaki, wuta na ci, hayaƙin ba shi da mafita sai hancinsa. Iskar da ke kisa a irin wannan yanayi ita ce kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, mutum zai ji ciwon kai da jiri ne kawai, daga nan sai barci. (Ita ce dai ke kashe iyalai a wurinmu in an kwana da janareta ko gawayi a rufaffen ɗaki, don haka wannan ba baƙon abu ba ne.)

Bajamushe Johann Vaillant, daga garin Remscheid, shi ya yi babban gyara a 1894, inda ya raba hanyar ruwa da hanyar hayaƙi, ruwan ya riƙa bi ta cikin rufaffen bututu ba tare da ya haɗu da hayaƙin ba. Boilar zamani ta ƙara gaba: akwatin da wutar ke ci a rufe yake ruf, fanka ce ke jawo iska daga waje ta kuma tura hayaƙin waje. In fankar ta mutu, ko wani abu ya toshe bakin bututun, boila ba za ta yarda ta kunna wuta ba sam. Ka ga a nan gardamarta ce ke ceton ranka.

A can Amurka kuma wata hanya aka bi. Edwin Ruud, injiniya ɗan ƙasar Norwe da ya yi aiki a ƙarƙashin George Westinghouse a birnin Pittsburgh, ya fito da tankin ruwan zafi mai sarrafa kansa a 1889. Ruwa ya huce, gas ya buɗe, ruwa ya yi zafi, gas ya rufe. To amma wa zai ƙyasta ashana duk lokacin da gas ya buɗe? Shi ya sa ake barin wata 'yar ƙaramar wuta tana ci dare da rana, ita ke kunna babbar. Sai wani sabon haɗari ya ɓullo: in iska ta hure 'yar wutar nan, gas zai ci gaba da tsiyaya cikin gida. Maganin ya fito ne daga wani bincike na 1821, lokacin da masanin kimiyya Thomas Seebeck ya gano cewa in aka haɗa ƙarfe iri biyu aka gasa mahaɗin, ana samun ɗan ƙaramin lantarki. Sai aka sa irin wannan tsinke, wanda ake kira tamokopul, a cikin harshen 'yar wutar. Muddin yana jin zafi, lantarkin da yake samarwa zai riƙe bawul ɗin gas a buɗe. Wuta na mutuwa, bawul ya rufe. Don haka a tsohuwar boila ko tankin gas irin na Amurka, in ka kunna 'yar wutar ta kama, kana sakin maɓalli ta mutu, galibi wannan tsinken ne ya gaji. Sababbin boila ba su da ita, da tartsatsin lantarki suke kunnawa, shi ya sa in an ɗauke wuta ko fiyus ya ƙone, ruwan zafi ma ya tafi ko da gas na nan.

Sai maganar matsin ruwa, kuma nan ne aka fi zubar da jini. Ruwa in ya yi zafi kumbura yake yi, in ya zama tururi a rufaffen wuri ba abin da ke riƙe shi. Ranar 20 ga Maris, 1905, boilar wata masana'antar takalma a garin Brockton na jihar Massachusetts ta fashe, ta keta rufin ginin ta yi sama, ginin ya rufta ya kama da wuta. Mutum 58 suka mutu. Jihar ta kafa dokar boila a 1907, ƙungiyar injiniyoyi ta ASME kuma ta fitar da kundin ƙa'idojinta na farko, bugun 1914. Waccan boilar masana'anta ce, amma darasin ya shigo gidaje. Yau tankin ruwan zafi yana da bawul da ke buɗe kansa in zafi ko matsi ya wuce kima, boila kuma tana da ɗan agogo a gaba mai nuna matsi. In na'urar a sanyaye take, allurar ya kamata ta tsaya tsakanin 1 da 1.5 a ma'aunin ba. In ta faɗi ƙasa sosai, boila za ta ƙi tashi, don kada ta gasa bututun da babu isasshen ruwa a ciki. A ganina wannan agogo shi ne abu na farko da ya kamata baƙo ya koyi karantawa a gidan haya, tun kafin ya tambayi lambar wayfai. Ƙara ruwan ba wuya, akwai ɗan bututu mai bawul a ƙarƙashin boila, littafinta yana nuna yadda ake yi. Amma in kullum sai ka ƙara, to wani wuri na yoyo, a kira mai gyara.

Akwai kuma abin da ke ruɗa mutane: lagireto na zafi, famfo na ba da ruwan sanyi. Wannan ciwon boilar kombi ne. Da can gidan Ingila yana da tankin ruwan sanyi a ƙarƙashin rufi, da wani tankin tagulla na ruwan zafi a cikin kabad. A shekarun 1960 kamfanin Vaillant ya fito da na'ura ɗaya mai aiki biyu, ba tanki, tana dafa ruwan ne daidai lokacin da ka buɗe famfo. Yau ita ce ta fi yawa a gidajen Birtaniya. A cikinta akwai bawul mai raba hanya, kamar ɗan sanda a mararraba. Ka buɗe famfo, ya karkatar da zafin daga lagireto zuwa ruwan wanka. In ya maƙale a gefe ɗaya, ɗaki zai yi ɗumi, kai kuma ka yi wanka kana rawar ɗari. In kuwa ruwan na zuwa da zafi ya koma sanyi ya sake dawowa, a zargi farin ɓawon nan irin wanda ke taruwa a gindin ketil. Ruwan Landan da kudu maso gabashin Ingila ta cikin duwatsun alli yake ratsowa, kuma ɓawon yana toshe siraran hanyoyin da zafi ke bi.

Ga mai tanki, kada ka rage zafin don tsimin kuɗi. A 1976 wata cuta ta kama mahalarta taron tsofaffin sojoji a wani otal a Philadelphia, daga baya aka gano ƙwayar cutar da aka sa wa suna Legionella, mai son ruwa mai ɗumi-ɗumi. Shi ya sa a Birtaniya ake cewa a ajiye ruwan tanki a digiri 60 na Selsiyos.

Matsala mafi sabunta kuwa doka ce ta jawo ta. Daga 1 ga Afrilu, 2005, kusan duk sabuwar boilar gas da za a saka a Ingila da Wales dole ta zama irin mai tsotse zafin da ke cikin hayaƙi kafin ya fita. Tana rage shan gas sosai, wannan ba musu. Sai dai hayaƙin in ya huce yana zama ruwa, ruwan kuma ta wani bututun roba yake fita, wanda a gidaje da yawa ta bayan bango aka bi da shi, a waje. Da aka yi muguwar hunturu a Disambar 2010, sannan a ƙarshen Fabrairun 2018 lokacin sanyin Saiberiya da jaridu suka kira "Dodon Gabas", sai bututun nan suka daskare. Ruwa ya rasa mafita, ya koma cikin boila, boila ta kashe kanta, a daidai ranar da aka fi bukatarta. Masu gyara suka rasa inda za su sa kansu saboda kira. Alamarsa ita ce ƙarar ƙululu daga cikin na'urar a ranar da ƙanƙara ta sauka. Maganin kuma buta ce: ka zuba wa bututun ruwa mai ɗumi daga waje, ban da tafasasshe don kada robar ta tsage, sannan ka danna maɓallin sake kunnawa.

Kafin duk wannan ma, ka duba mita. Gidajen haya da yawa mitar kati gare su, kuɗi na ƙarewa gas ya yanke. Ka gwada murhun kicin, in shi ma bai kama ba, boila ba ta da laifi. Ka duba tamostat na bango ko batirinsa ya mutu, ko agogon boilar ya rikice bayan ɗaukewar wuta.

Iyakarka ke nan. Murfin boila ba naka ba ne, kuma wannan ma yana da tarihi. Da sassafen 16 ga Mayu, 1968, wata mata a hawa na 18 na wani dogon bene mai suna Ronan Point a gabashin Landan ta ƙyasta ashana za ta dafa shayi. Gas ya riga ya cika kicin ɗin daga wani mahaɗi mai yoyo. Fashewar ta ture bango, kusurwar benen guda ta rufto tun daga sama har ƙasa, mutum 4 suka mutu. Bayan shekara biyu aka kafa CORGI, rajistar masu aikin gas, wadda Gas Safe ta maye gurbinta a 2009. A yau laifi ne wanda ba shi da rajista ya karɓi aikin gas a gidan mutane, komai iyawarsa, kuma kana da damar ka ce ya nuna maka katinsa tun daga bakin ƙofa. In gidan haya kake, gyaran boila haƙƙi ne a kan mai gida, doka kuma ta wajabta masa ya sa a duba kayan gas duk shekara ya ba ka takardar. In ka ji warin gas, kada ka taɓa makunnin fitila, ka buɗe tagogi, ka rufe gas daga mita in hannunka zai kai, ka fitar da iyali waje, sannan ka kira lambar gaggawa ta gas daga can.