Masu kula da bayanan lafiya: aikinsu da abin da ke tallafa musu

Duk wanda ya je likita ya san kafin a ba shi magani sai an rubuta sunansa, shekarunsa, garinsu da ciwon da ya kawo shi cikin babbar rajista. Wannan rubutu ba a likitar yake tsayawa ba. Akwai ma'aikatan da aikinsu shi ne tattara shi, su duba gyara, su miƙa shi gaba.

A Nijar bayanan suna tashi daga ƙaramar likitar ƙauye zuwa CSI, inda majo yake haɗa rahoto. Daga nan sai gundumar lafiya, sai ofishin lafiya na jaha kamar Maraɗi, Damagaram ko Tawa, sannan ofishin ministan lafiya a Yamai. Cututtuka masu saurin yaɗuwa irin su sanƙarau, ƙyanda da kwalara, kowane mako ake ba da labarinsu. Sauran aiki kuwa wata-wata.

Abu biyu ke riƙe da waɗannan ma'aikata. Na farko na'ura. Nijar tana amfani da manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagorantar ƙirarta. Ita ke haɗa lissafi, ta nuna CSI ɗin da bai aiko rahoto ba, ta kuma ankarar da ma'aikaci idan adadi ya kauce wa hankali. Na biyu hukuma: ita ke kawo rajista, kwamfuta, wutar sola da kuɗin intanet, ta horar da ma'aikata, ta kai ziyarar duba aiki. In rezo ya ɗauke ko rajista ta ƙare, rahoto sai ya makara.

Makarar kuwa tana iya cin rai. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, idan sanƙarau ya kama mutum 3 cikin 100,000 a mako guda, ana shiga shirin ko-ta-kwana. In ya kai 10, annoba ce, sai a hanzarta rigakafi. Haka ma maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake bai wa yara ƴan wata 3 zuwa 59 lokacin damina, da lissafi ake tanadarsa.

Don haka jama'a, ku adana karnen yaro da na awon ciki, ku riƙa tafiya da su likita, ku faɗi shekaru da sunan gari daidai. Ƴan uwa da ke ƙetare, in kun kira gida ku tunatar da su.