Isotype: Tarihin Zanen Alƙaluma na Gidan Nunin Vienna

Isotype tsari ne na bayyana ƙididdiga da ƙananan hotuna maimakon dogon rubutu. Littattafai da dama suna cewa an ƙirƙiro shi a 1925, amma a nan akwai gyara. Abin da aka kafa a wannan shekara shi ne Gidan Nunin Zamantakewa da Tattalin Arziki na birnin Vienna, a Ostiriya, ƙarƙashin jagorancin Otto Neurath. Sunan Isotype bai zo ba sai a 1935, bayan an rufe gidan. Kafin nan "tsarin Vienna" ake kiransa.

Gidan ba na tukwane da takubban da ba ne. Allunan bango ya tara, masu nuna wa leburori halin gidajen haya, mutuwar jarirai da rashin aikin yi a garinsu. Daga 1927 aka baje su a zauren majalisar birnin.

Ƙa'idar aikin guda ce, kuma ba a sassauta ta: in adadi ya ƙaru, yawan hotunan ake ƙarawa, ba girmansu ba. Idan hoton mutum ɗaya yana wakiltar dubu ɗari, to dubu ɗari biyar mutum biyar ne a jere, tsayinsu ɗaya. Dalilin a fili yake. Ido ba ya iya auna ko ƙaton mutum ya ninka ƙarami sau biyu ko sau huɗu, amma ko yaro ya iya ƙirga kawuna.

Hannu uku ne a kan kowane allo. Masana su kawo alƙaluma. Mai zane, Bajamushe Gerd Arntz, ya sassaƙa alamar a kan linoliyam don a buga ta sau da yawa. Wasu na cewa ya fara a 1928, wasu 1929, kuma duka biyun suna da hujja, domin ya soma aikin kafin ya tare a Vienna. Ya bar alamomi wajen 4,000. A tsakanin masanan da mai zanen kuwa akwai Marie Reidemeister, wadda take zama da tulin lambobin, ta yanke abin da za a nuna da abin da za a zubar, ta tsara allon da fensir. Ita ce ma ta raɗa sunan Isotype. Duk da haka, Otto aka fi ambata, ita kuwa sau da yawa sai a ce matarsa kawai, alhali aurensu sai a 1941 aka ɗaura.

A 1930 ma'aikatan gidan suka fitar da kundi mai alluna 100 a Leipzig, kuma daga 1931 suka taimaka wa wata cibiyar ƙididdiga a Mosko. Rikicin da ya ɓarke a Ostiriya a Fabrairun 1934 ya kawo ƙarshen gidan, suka koma birnin Hague na Holan. A 1940 Otto da Marie suka tsere Ingila cikin ƙaramin jirgin ruwa, Arntz ya tsaya.

Otto ya rasu a Oxford a 1945. Marie ta ci gaba, har ta zo Najeriya a shekarun 1950, ta tsara wa gwamnatin Jihar Yamma ƙananan littattafai kan ilimi da lafiya. A 1971 ta miƙa takardun aikin ga Jami'ar Reading, ta rasu a 1986.