Wasiƙa Daga Amurka: Mai Gyara, Tsohon Teburi Da Tarihin Yarrow Mamout

Na san na yi kwana biyu ban rubuto ba, karatu ne ya sha mini kai. Yau dai ga ni da wani labari da ya fara daga famfon kicin ya ƙare a tarihi.

Ɗakin da nake haya a Silver Spring, wato bakin iyakar birnin Washington ta ɓangaren jihar Maryland, tsoho ne. Famfo yana ɗiga, ƙofar banɗaki ta ƙi rufuwa, ga kuma wani tsohon teburi da na tsinta a bakin titi, domin a nan idan mutum ya gaji da kaya sai ya fitar da su waje, mai so ya ɗauka. Mai gidan ya ce in nemo mai gyara, zai cire kuɗin famfo da ƙofa daga haya, teburi kuwa aljihuna. Sai na kira wani dattijo baƙar fata da maƙwabciyata ta yaba mini aikinsa. Da awa ake biyansa, kuma da na ji kuɗin sai da na gyara zama, don abin da yake samu a awa ɗaya ya ninka nawa a aikin da nake yi a jami'a.

Famfo da ƙofa ba su ɗauke shi lokaci ba. A kan teburin ya daɗe. Ya zaro durowar ya nuna mini yadda aka saƙa katakon cikin juna babu ƙusa, ya ce aikin hannu ne, ya girme mu mu duka biyu. Ya sa gam, ya ɗaure, ya goge da samfefa. Muna cikin hira ya ce mini irin wannan sana'a ta gyare-gyare a wurin mutanensu ta samo asali tun zamanin bauta, in je in bincika. Na kuwa bincika.

An aza harsashin fadar White House a 1792, na ginin majalisa wato Capitol a 1793. Ma'aikata sun yi ƙaranci, sai hukumar gina birnin ta koma hayar bayi daga iyayengijinsu na Maryland da Virginia, kimanin dala 5 a wata, kuma ubangiji ne yake karɓar kuɗin. Su suka fasa dutse, suka yanka katako, suka gasa jan bulo. A takardar albashi ta 1795 akwai sunayen kafintoci bayi, Tom da Peter da Ben da Harry da Daniel, wasunsu mallakar James Hoban ne, mutumin da ya zana fadar. Haka nan wani bawa mai suna Philip Reid yana cikin waɗanda suka narka mutum-mutumin tagullar da ke saman Capitol. Ladan ranar Lahadi kaɗai yake shiga hannunsa, sauran kwanakin na ubangijinsa ne. Kafin a ɗora aikin a Disambar 1863 ya zama ɗa, saboda dokar 16 ga Afrilu 1862 da ta 'yanta bayin Washington.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Yarrow Mamout, Bafulatani Musulmi, wanda masana suke ganin asalin sunansa Yero Mamadu ne. An sauke shi a Annapolis a 1752 daga jirgin bayi mai suna Elijah, yana ɗan shekara 16 ko kusa da haka, iyalin Beall suka saye shi. Shekara 44 ya yi cikin bauta. A ƙarshe aka yi masa alkawarin 'yanci idan ya gama buga bulon wani gida a Georgetown. Ya gama, mai alkawarin ya rasu, matarsa ta cika a 1796, lokacin Yarrow yana wajen shekara 60.

Sana'a goma maganin mai gasa. Yarrow yana buga bulo, yana saƙa kwando, yana ƙona gawayi, yana lodin jiragen ruwa a bakin kogin Potomac. Sau biyu yana tara dala 100 yana ba ɗan kasuwa ajiya, sau biyu kuɗin suna salwanta. Karo na uku ya tara dala 200 ya sayi hannun jari a bankin Columbia da ke Georgetown. A 1800 ya mallaki fili nasa na kansa a layin da yanzu ake kira Dent Place. A 1819 mai zane Charles Willson Peale ya zana hotonsa, ya kuma rubuta cewa ba ya cin naman alade, ba ya shan giya. Hoton yana gidan adana zane na Philadelphia. Ya rasu a Janairun 1823, aka ruwaito an binne shi a kusurwar lambunsa inda yake salla. A 2015 masu tonon tarihi sun haƙa filin, ba su gano kabarin ba. Na je layin ranar Asabar, na tsaya na yi masa addu'a.

To, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ina wannan karatu sai na tuna da murgu, wanda kakanninmu suka sani a Kano da Zazzau da Sakkwato. Bawa mai sana'a yana fita ya yi aikinsa, ya biya ubangijinsa wani adadi na wuri da aka yanka masa, abin da ya rage ya tara don fansar kansa. Sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya. Ina zargin wani ɓangare na rainin da muke yi wa mai aikin hannu daga can ya taso. Shi ya sa za mu kira kafinta mu bar shi tsaye a zaure, mu yi masa tayin wulaƙanci, sannan mu riƙe masa ciko wata uku.

Yaya, a nan nake son ka taya ni magana da Baba game da Auta. Tun bara yake cewa kafinta yake son koya, ana ce masa gidanmu ba gadonmu ba ne. Ni da nake neman digiri na uku na zauna ina kallon famfo yana ɗiga sati biyu ban iya komai ba. A bar shi ya gama sakandare, da yamma ya riƙa zuwa shagon wani ƙwararre, ni zan ɗauki nauyin zarto da guduma da sauran kayan aiki. Karatun ba zai hana sana'ar ba, sana'ar ma ba za ta hana karatun ba.

A kan teburin nan nake rubuta muku wannan wasiƙa, durowar tana shiga tana fita lafiya lau. A gaida Hajiya da kyau, a ce mata yajin da ta aiko ya kusa ƙarewa. A gaida Kawu da Gwaggo da yara duka. Allah Ya sada mu da alheri, amin.

Naku a kullum, daga Silver Spring.