Ja-in-jar Arewa da Majalisar Legas, 1950 zuwa 1959

Shekaru tara aka kwashe ana muhawara tsakanin majalisun Jihar Arewa da ke Kaduna da majalisar tsakiya da ke Legas a kan iyakar ikon kowane ɓangare. Ƙasashen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa na kudancin Katsina suna ƙarƙashin En'e ta Katsina a lokacin, don haka muryarsu ta hannun masarauta take isa waɗannan majalisu.

A taron Ibadan na Janairun 1950 aka fara kai ruwa rana. Sarkin Zazzau Ja'afaru, da goyon bayan Sarkin Katsina Usman Nagogo, ya ce in ba a ba Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya ba, za ta nemi a raba ta da Kudu, a koma yadda ake kafin haɗewar 1914. Aka kuwa biya wa Arewa buƙatarta: tsarin mulkin Macpherson na 1951 ya ba Arewa kujeru 68 cikin 136 na zaɓaɓɓu, Gabas da Yamma suka sami 34 kowace. Nagogo ya shiga majalisar ministocin Legas. Hujjar Arewa ita ce yawan jama'a, wato manoma irin na kudancin Katsina. Sai dai waɗannan manoman ba su ne ke zaɓen wakili kai tsaye ba. Zaɓe ne hawa-hawa, daga ƙauye zuwa gunduma zuwa lardi, kuma hannun En'e yana da nauyi a ciki. Da yawansu aka yi ciniki, ba da bakinsu ba, kuma wannan tabo ne a tarihin.

Rikici mafi zafi ya zo ranar 31 ga Maris 1953, da Anthony Enahoro na jam'iyyar Action Group ya gabatar wa majalisar tsakiya ƙudurin neman mulkin kai a 1956. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya nemi a cire shekarar, a ce sai lokacin da ya dace. Tsoronsa yana da tushe: 'yan boko kaɗan ne a Arewa, kuma in Turawa suka tafi da wuri ofisoshi za su koma hannun 'yan Kudu. Wakilan Kudu suka fice daga zauren, jama'ar Legas suka yi wa wakilan Arewa ihu. A watan Mayu, shirin rangadin Samuel Akintola na Action Group a Arewa ya haddasa tarzoma a Kano, aka rasa rayuka.

Cikin wannan wata na Mayu Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna ta Arewa suka amince da buƙatu takwas. Sun nemi kowace jiha ta riƙe dukkan al'amuranta, a soke majalisar tsakiya, a bar wata hukuma kawai mai kula da tsaro, hulɗar waje da kwastan. Saura ƙiris ya zama ɓallewa.

Sakataren mulkin mallaka Oliver Lyttelton ya kira taro a Landan a 1953, aka ƙarasa a Legas a farkon 1954. Arewa ta janye batun soke majalisa, aka kafa tarayya mai jihohi masu firimiyoyinsu. Gabas da Yamma suka sami mulkin kai a 1957, Arewa kuma ranar 15 ga Maris 1959. A zaɓen tarayya na Disambar wannan shekara mazan lardin Katsina suka jefa wa 'yan takara ƙuri'a kai tsaye. Mata ba su sami wannan dama ba sai a shekarun 1970.