Ajiye, Zan Kira Ka: Tarihin Modem da Kiran Mayarwa

Duk wanda ya riƙe wayar hannu a ƙasar nan ya san filashin. Ka kira mutum, kafin ya ɗauka ka katse, shi kuma ya gane cewa daga aljihunsa kuɗin maganar za su fita. Mukan ɗauka dabarar tamu ce, 'yar zamanin katin waya. Amma tun kafin wayar hannu ta iso mana kwamfutoci ke yi wa junansu makamancin haka, har da ƙa'ida a rubuce. Kwamfutarka ta kira ta ofis, ta faɗi ko ita wace ce, su ajiye, sannan ta ofis ta biyo ta da kira. Wannan shi ne kiran mayarwa. Mu masu rubuta manhaja muna da dalilin tunawa da shi, domin tunanin da aka gina shi a kai ne ke gadin asusun bankinmu a yau.

Layin wayar girke don murya aka yi shi, ita kuwa kwamfuta lambobi kawai ta sani. Modem ita ce na'urar da ke mayar da lambobin su zama sauti, ta tura ta layi, wata modem a can ƙarshen ta dawo da su lambobi. A 1962 kamfanin AT&T na Amurka ya fitar da Bell 103, mai tura bit 300 a daƙiƙa, wato kimanin harafi talatin. Da wannan gudun, hoto ɗaya mai nauyin megabayit guda sai ya ci fiye da awa tara kafin ya isa. A 1981 kamfanin Dennis Hayes ya fitar da Smartmodem, wadda ta zo da ƙaramin yare na ba da umarni. Kowane umarni da AT yake farawa: ATDT na buga lamba, ATH na ajiye waya, ATA na amsa kira. Sauran kamfanoni suka kwaikwayi yaren, kowa da ɗan ƙarinsa da ɗan ragensa. A cikin wannan ƙari da ragi aka shuka yawancin ciwon kan da ya biyo baya.

Abu biyu suka haifi kiran mayarwa: tsoro da kuɗi. Duk kamfanin da ya jona modem da babbar kwamfutarsa ya buɗe ƙofa ne ga duk mai layin waya a duniya. Fim ɗin WarGames na 1983 ya nuna yaro yana sa kwamfutarsa ta bi lambobin gari ɗaya bayan ɗaya tana neman inda modem za ta amsa, kuma ba a fim kaɗai ake yin hakan ba. Kalmar sirri ana iya sace ta ko a cinko ta. Layin girke kuwa a jikin gida yake. Idan sabar ofis ta katse ta kira lambar da aka rubuta wa ma'aikaci tun farko, ɓarawon kalmar sirri ya tashi a tutar babu, don wayar gidan wani ce za ta yi ƙara. Ta fuskar kuɗi kuma, ma'aikacin da ke nesa minti ɗaya zai biya, sauran awoyin kamfani ya ɗauka.

A Janairun 1994 aka sa kiran mayarwa cikin ƙa'idojin PPP, yaren da kwamfutoci ke haɗuwa da shi ta layin waya, a takardar da ake kira RFC 1570. Microsoft ya fito da nasa salon mai suna CBCP. Mai kula da sabar Windows NT yana da zaɓi uku ga kowane ma'aikaci: kar a kira shi, ko a kira lambar da ya bayar a lokacin, ko a kira lambar da aka ajiye kaɗai. Na ukun ne kawai ke ba da tsaro. Na biyun sauƙin kuɗi ne.

A takarda abin ba wuya. A aikace kuwa sai ya ci karo da direba, wato manhajar da ke tafinta tsakanin Windows da modem. A Windows 95 yawancin direbobin modem takardar rubutu ce mai jerin umarni da jerin amsoshin da ake sa ran ji, irin su OK, BUSY, RING da NO CARRIER. An rubuta su, an kuma fi gwada su, da tunanin cewa kwamfutar gida ita ke kira. Kiran mayarwa yana juya wannan tsari a tsakiyar hira: mai kira ya koma mai jira, cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Da zarar saba ta ajiye, sautin da ke riƙe da modem biyu sai ya ɗauke. Idan manhajar ba ta fahimci cewa da gangan aka katse ba, sai ta ɗauka haɗin ya mutu, ta rufe komai. Kiran ya zo, waya ta yi ta ƙara, babu mai ɗauka. Maganin da ya yaɗu shi ne a ƙara &C0 da S0=1 a saitin modem. Na farko yana sa modem ta riƙa cewa haɗi na nan ko da babu, na biyu yana sa ta amsa da kanta a ƙara ta farko. Maganin ya zo da nasa ciwon. Kwamfutar ta daina sanin lokacin da layi ya yanke da gaske, kuma duk wanda ya kira gidan, ko da suruka ce, kukan modem zai tarbe shi.

Akwai kuma matsalar lokaci. Layi ba ya sakuwa nan take bayan an ajiye. Idan saba ta yi gaggawar kira, sai ta tarar ana kan layi, ta haƙura. Wani lokacin kuma modem ta ji ƙarar, ta faɗa da lafazin da babu shi a jerin direba, saboda an sa mata direban wata ƙirar ko na gama-gari. Salon ƙarar waya ma ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka modem da aka saita wa ƙasar da ba tata ba tana iya kasa gane cewa ita ake kira. Ga na'urar faks da kan riga ɗauka, ga wayar otal da sai an bi ta hannun mai haɗa layi.

Ƙarshen shekarun 1990 ya ƙara dagula lissafi. A 1997 kamfanoni suka rabu gida biyu kan modem mai gudun bit 56,000, X2 na US Robotics da K56flex na Rockwell da Lucent, kuma ba sa jituwa, sai da hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta daidaita su da V.90 a 1998. A lokacin ne kuma modem masu arha da ake kira Winmodem suka cika kasuwa. An cire musu wasu sassa, aka ɗora aikin a kan ƙwaƙwalwar kwamfuta. A nan direba ya tashi daga tafinta ya zama rabin na'urar, kuskurensa kuma ya zama kuskuren modem ɗin kanta. Masu amfani da Linux sun fi kowa ji a jika, don yawancin waɗannan direbobi na Windows ne kawai.

Yadda ƙwararru ke gano bakin zaren shi ne gadon da muke aiki da shi har yanzu. Ba sa taɓa abu biyu a lokaci guda. Su buɗe HyperTerminal su rubuta AT. Idan OK ta fito, kwamfuta da modem na jin juna. Su sa wani ya kira layin daga wata wayar. Idan RING ta bayyana a allo, layi da modem sun fita daga zargi, saura direba da saba. Sannan su kunna kundin da Windows ke rubuta hirarta da modem a ciki, su bi shi sahu-sahu har zuwa inda aka yi magana ba a sami amsa ba.

A Najeriya kaɗan ne suka kai ga wannan ciwon kan, don samun layin ma aiki ne. Kafin 2001, layukan NITEL ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasa mai mutane sama da miliyan ɗari. Yawancinmu a shagon intanet muka fara ganin yanar gizo, kuma da GSM ta fara aiki a Agustan 2001 sai muka tsallake wayar girke gaba ɗaya. A Amurka kuwa sai ƙarshen Satumban 2025 kamfanin AOL ya rufe nasa intanet na layin waya.

Tsarin dai bai mutu da modem ba. Tun a wancan zamani masu kutse sun gano lagonsa: idan aka karkatar da kiran lambar ma'aikaci zuwa wata waya, saba za ta kira lambar gaskiya, ɓarawo ya ɗauka. Saba lamba ta sani, ba ta san mutum ba. Yau idan banki ya turo maka lambar sirri ta saƙon tes kafin kuɗi su fita, kiran mayarwa ne ya sauya riga. Lagon ma yana nan, sai dai yanzu ta hanyar sa a mayar da layinka kan wani sim ake bi. A 2017 hukumar NIST ta Amurka ta sa tura lambar sirri ta layin waya cikin hanyoyin da sai an yi taka-tsantsan da su. Layin girke ko ba komai a bangon gida yake, namu kuwa yana iya barin aljihunmu alhali wayar na hannunmu. Shi ya sa idan sabis ya ɗauke a wayarka kaɗai, na kusa da kai masu layi irin naka suna ta magana, banki ya kamata ka fara nema kafin mai gyaran waya.