BABI NA UKU: TARIHIN KIWON DOKI DA HAWANSA A ƘASAR KANO

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan matsayin doki a yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa. Wannan babi kuwa zai juya ga abin da ke faruwa kafin a kai doki fagen fama ko filin hawa, wato yadda ake ciyar da shi, da kula da lafiyarsa, da horar da shi. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, ƙarfin dawakin Kano ya dogara ne ga aikin yau da kullum da ake yi a barga, kuma wannan aiki ne ya wanzu bayan yaƙin doki ya zama tarihi. Za a bi lamarin daga ƙarni na 14 zuwa wannan zamani.

3.1 Doki da Ƙimarsa a Tarihin Kano

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ambaci doki a wurare da dama. Ya nuna cewa Sarki Kanajeji (1390-1410) shi ne ya fara shigo da lifidi da sulke da kwalkwali, kuma ya riƙa aika dawaki Kwararrafa ana aiko masa da bayi. Haka kuma Sarki Yakubu (1452-1463) ya aika wa Sarkin Nupe dawaki 10 aka ba shi babanni 12. Shi kuwa Muhammadu Rumfa (1463-1499) shi aka danganta wa fara amfani da dawakin zage, wato dawakin da ake ja ba mahayi domin sarki ya sauya idan wanda yake kai ya gaji.

Idan aka dubi waɗannan labarai za a ga cewa dawaki daga arewa suke tafiya zuwa kudu. Dalili kuwa shi ne, ƙasashen kudu suna da ƙudan tsando mai yaɗa cutar sammore, saboda haka doki ba ya daɗewa a can, dole a riƙa sayo sabo. Ita kanta Kano tana samun manyan dawaki daga Barno da Azbin, ban da waɗanda ake haifa a ƙauyukanta. Tsadar doki a yankin ta fito fili a bayanin Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, inda ya ce a farkon ƙarni na 16 Sarkin Barno yakan ba fataken Arewacin Afirka bayi 15 zuwa 20 a kan doki guda. Dabbar da ta kai wannan daraja ba a yi mata riƙon sakainar kashi.

A 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya ƙiyasta cewa Sarkin Kano na iya tara mahaya 7,000 da dakaru fiye da 20,000. Kowane ɗaya daga cikin dawakin nan yana buƙatar hatsi da ciyawa da ruwa kullum, ko ana yaƙi ko ba a yi.

3.2 Barga da Ma'aikatanta

Dokin hawa a Kano ba a sakinsa kiwo kamar shanu. Ana ɗaure shi a turke cikin barga, yawanci kusa da zaure inda maigida zai riƙa ganinsa, a kawo masa komai har inda yake. Ingarmu ake hawa, goɗiyoyi kuwa akan bar su a ƙauye domin haihuwa. Goɗiya tana ɗaukar ciki na kimanin wata 11, sannan duƙushi yana buƙatar shekara 2 zuwa 3 kafin a fara hawansa. Wannan jinkiri na daga cikin abubuwan da suka sa doki tsada.

Tun da ba a sakin doki, aikinsa ya zama na mutane da yawa: mai yankan ciyawa, da mai ɗebo ruwa, da mai share barga, da mai wanka da kilisa. A ƙarni na 19 bayi da barori ne ke yin mafi yawan wannan aiki a gidajen sarakuna da attajirai. Ke nan mallakar doki na nufin mallakar gandu da mutane, shi ya sa ta zama alamar mulki. A fadar Kano, Shamaki, ɗaya daga cikin manyan bayin sarki, shi ke da alhakin bargar sarki. Akwai kuma Majasirdi mai lura da sirada, da zagage masu tafiya a gaban doki. Sarautu irin su Madaki da Sarkin Dawaki Mai Tuta da Sarkin Dawakin Tsakar Gida duk suna ɗauke da sunan wannan dabba.

Ilimin barga ba a rubuce yake ba. Yaro yana koyonsa ne daga ubansa ko ubangidansa, tun daga kwashe kashi har ya kai ga ɗaura sirdi. Hatta sunayen launin doki, irin su akawal da kili da danda da bidi da hurde da gunya, a nan ake haddace su.

3.3 Ci da Sha

Abincin doki ya kasu kashi biyu, hatsi da ciyawa. Hatsin shi ne dawa ko gero, tare da dusa. Ciyawa kuwa da damina ɗanya ake yankowa, irin su harƙiya da kiri-kiri, da rani kuma a koma ga ingirici da harawar wake ko ta gyaɗa, waɗanda ake tanada tun da kaka. Akan shayar da doki ƙasari, a jiƙa masa kanwa, a ba shi gishiri. Kanwar daga ƙasar Manga da yankin Tafkin Chadi fatake ke kawo ta, gishiri kuma Azbinawa ke kawowa daga Bilma. Wannan ya nuna cewa bargar Kano tana haɗe da hanyoyin fatauci masu nisa.

Shawarwarin da masu dawaki ke ba juna a kan abinci ba su da yawa, amma ana riƙe su da ƙarfi. Na farko, a riƙa ba doki abinci kaɗan-kaɗan a kan lokaci, kada a jibga masa hatsi gaba ɗaya. Na biyu, a tsince hatsi daga tsakuwa da ƙasa, a guji ciyawar da ta yi fumfuna. Na uku, idan za a sauya daga busasshiyar ciyawa zuwa ɗanya a farkon damina, a yi a hankali. Na huɗu, kada a yi sukuwa da doki yana gama cin hatsi.

Ilimin likitancin dabbobi ya bayyana dalilin waɗannan ƙa'idoji. Tumbin doki ƙarami ne idan aka kwatanta da girman jikinsa, kuma doki ba ya iya amai. Saboda haka hatsi mai yawa a lokaci guda kan jawo masa murɗar ciki mai iya kisa, ko ciwon kofato mai gurguntawa. Har ila yau doki na zubar da gishirin jikinsa ta gumi, wanda kanwa da gishiri ke taimakawa wajen mayarwa, kuma babban doki kan sha ruwa kimanin lita 30 a rana, fiye da haka da bazara. Sai dai al'adar ɗura, wato cusa wa doki dunƙulen gari da hannu domin ya yi ƙiba, ta saɓa wa ƙa'idar farko, domin ƙibar da ake nema don ado tana rage wa doki juriya.

3.4 Kula da Lafiya

Rigakafi shi ne ginshiƙin kiwon doki na gargajiya. Akan share barga safe da yamma, a zuba yashi busasshe, domin tsayuwa cikin danshi da fitsari na ruɓar da kofato. Ba a saba sa wa dawakin ƙasar Hausa takalmin ƙarfe ba, datse kofaton ake yi idan ya yi tsawo. Akan wanke doki, a goge jikinsa, a cire masa kaska, a duba bayansa bayan kowane hawa don kada sirdi ya yi masa miki.

Akwai kuma al'adar tayar da hayaƙi a barga da magariba, musamman da damina, don korar sauro da ƙudaje. Bincike ya tabbatar da cewa ɗaya daga cikin munanan annobar dawaki a Afirka wasu ƙananan ƙwari ne ke yaɗa ta, waɗanda cizonsu ya fi yawa daga faɗuwar rana zuwa asuba. Ma'aikatan barga ba su san ƙwayar cutar ba, amma sun lura da lokacin da dawaki suka fi mutuwa, suka ɗauki matakin da ya dace da shi.

Idan ciwo ya riga ya kama, akan yi amfani da saiwoyi da sassaƙe da kanwa, sannan a yi lalas, wato ƙona wurin ciwo da ƙarfe mai zafi, musamman a ƙafafu. Lalas na daga cikin hanyoyin da likitocin dabbobi ba su yarda da su ba, domin yana ƙara wa dabba rauni a kan wanda take da shi.

3.5 Kayan Hawa da Horo

Kalmomin sirdi da linzami da likkafa duk daga Larabci aka aro su, abin da ke nuna hanyar da waɗannan kaya suka biyo. Sirdin Hausa yana da tudu gaba da baya, wanda ke riƙe mahayi idan ya kai suka da mashi ko aka kai masa. Akan shimfiɗa zubka a ƙarƙashinsa don kare bayan doki, a ɗaure shi da majayi, a rufe da jalala don ado. Linzamin kuwa yana da zobe da ke kewaye haɓar doki, shi ya sa ɗan ja kaɗan ke tsayar da ingarma cak a tsakiyar sukuwa. Wannan tsayawa ita ce ake gani a jafi, lokacin da mahaya suka zaburo suka yi zamiya a gaban sarki.

Ƙarfin wannan linzami shi ne kuma haɗarinsa. Saboda haka abu na farko da ake koya wa sabon mahayi shi ne sassauta hannu a kan kamazuru, domin fizga na yanka bakin doki, kuma dokin da bakinsa ya mutu ba ya jin linzami. Haka nan ana gargaɗi a kan yawan sa ƙaimi. Sauran shawarwarin sun haɗa da duba majayi kafin a hau da kuma bayan an ɗan taɓa tafiya, da fara tafiya a hankali kafin sassarfa ko sukuwa, da zagayawa da doki har guminsa ya tsane kafin a ɗaure shi.

Horon duƙushi da ragama ake fara shi. Sai ya saba da ja da ɗauri, sannan a aza masa sirdi ba mahayi, daga baya a ɗora yaro mara nauyi. Kilisa da safe ko da la'asar wajibi ce ga dabbar da ke wuni a turke, kuma a nan ake koya masa taƙama da saba wa ganga da algaita da ƙarar bindiga.

3.6 Sauye-sauye Bayan 1903

Sojojin Ingila sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903. A ƙarshen wannan wata mahayan Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka gwabza da su a Kwatarkwashi, inda bindiga ta rinjayi doki, Wazirin kuma ya rasu. Daga nan aikin doki na yaƙi ya ƙare. Amma doki ya ci gaba da zama abin hawan hakimai, waɗanda Turawa suka tura su zauna a gundumominsu, har jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, da mota suka karɓe doguwar tafiya.

Sauyi mafi girma ya shafi ma'aikata ne. Dokar 1901 ta 'yanta duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na shekarar, sannan a 1936 aka haramta bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya. Sannu a hankali aikin barga ya koma hannun 'yan gida da masu karɓar lada, hatsi da harawa kuma suka zama abin saye ga mazauna birni. Ta fuskar magani, an kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom a 1924, ko da yake cutar shanu ce ta fi ɗaukar hankalinta da farko. Daga baya allurai da maganin tsutsar ciki suka shiga barga, suka zauna tare da kanwa da hayaƙi.

Abin da ya riƙe doki shi ne hawan sarauta da wasanni. An yi babban hawan daba a Kano a 1925 domin Yariman Ingila, an yi a Kaduna a 1956 domin Sarauniya Elizabeth, da kuma a 1977 lokacin bikin FESTAC. Sukuwa da wasan ƙwallon doki sun samu karɓuwa, musamman a Katsina a zamanin Sarki Muhammadu Dikko (1906-1944) da ɗansa Usman Nagogo (1944-1981). A Kano kuwa Hawan Sallah da Hawan Daushe da Hawan Nassarawa da na Ɗorayi da na Fanisau su ne suka sa gidajen sarauta ci gaba da riƙe barga. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan daba na Kano cikin jerin al'adun da bil'adama ya gada.

3.7 Kammalawa

Wannan babi ya nuna cewa amfanin doki a Kano ya sauya daga yaƙi zuwa sufuri, daga sufuri zuwa ado da wasa, amma buƙatunsa na ci da sha da tsafta da kilisa suna nan yadda suke tun zamanin Kanajeji. An kuma ga cewa yawancin ƙa'idojin barga sun dace da binciken zamani, in ban da irin su ɗura da lalas. Hawa na 'yan kwanaki ne a shekara, kiwo kuwa na kullum ne, kuma iliminsa a bakin dattawan barga yake. Hausawa na cewa tsohon doki sai mai shi. Idan waɗannan dattawa suka ƙare ba a rubuta abin da suka sani ba, hawan da ake alfahari da shi zai rasa tushensa. Babi na gaba zai duba sana'o'in da suka dogara da doki, wato dukanci da ƙira da ɗinkin kayan ado.