Turmi Ma Ganga Ne: Tarihin Kiɗa a Cikin Aikin Bahaushe

A kakar bana na kwana biyu a Zurgu, can ƙasar Rano da Kibiya, wajen dangin mahaifiyata. Da hantsi na ga abu biyu a tsakar gida ɗaya. Wata ƙanwata tana wanki, ta jingina wayarta a jikin randa, waƙa na tashi, tana cuɗa kaya tana rausaya. Can gindin rumbu kuma matan gida biyu suna surfen gero, taɓare biyu a turmi ɗaya, wannan ta sauka waccan ta tashi. Kakarmu ta dubi mai wankin ta ce, "Ke 'yar nan, ku aron kiɗa kuke yi. Mu da hannunmu muke yin namu."

Maganar ta tsaya mini a rai, domin ni ma ɗan aro ne. Ba na share ɗaki ko goge kaya sai da waƙa a kunne, kuma na san da yawa daga masu karanta wannan haka suke, ko da ba za su faɗa a ofis ba. Muna ɗaukar abin a matsayin ɗabi'ar da zamani ya kawo. Tarihi ya nuna akasin haka. Bahaushe ya daɗe yana aiki da kiɗa da rausaya. Abin da ya sauya shi ne inda kiɗan ke fitowa, da kuma wanda ke da shi.

Kiɗan da ke cikin kayan aiki

A fara da lugude. Mata biyu ko uku, wani lokaci fiye, suna daka a turmi guda. Bakin turmi ba ya ɗaukar taɓare biyu a lokaci ɗaya, saboda haka dole kowace ta san daƙiƙar saukarta. Wadda ta yi gaggawa ko ta makara, taɓaryarta za ta yi karo da ta 'yar'uwarta, hatsi ya watse, wani lokaci har a ji ciwo. Ke nan a lugude amo shi ne dokar aikin. Idan hannu ya saba, sai gwaninta ta shigo: a cilla taɓarya sama a tafa kafin a cafe, a bugi gefen turmi don ya ba da wata murya, ƙugu da kafaɗa suna bin bugun. Wanda ya gani daga nesa zai ce rawa ake yi, kuma bai yi kuskure ba.

Niƙa daban take. Mace ɗaya ce a durƙushe gaban dutse, tana turawa tana janyowa, sau da yawa tun kafin gari ya waye. Babu abokiyar da za a daidaita da ita, sai numfashi. Shi ya sa waƙar niƙa ta fi tsawo da sanyi, ta fi kusa da zancen zuci. Daɓe kuwa aikin taro ne. Idan za a kai amarya sabon ɗaki, matan unguwa kan haɗu da madaɓai, a zuba tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba da aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa, a yi ta bugu a jere har ƙasa ta yi santsi da tauri. Ɗaya tana bayarwa, saura suna amshi. Daɓen da hannuwa suka sauka tare shi ne ke fitowa bai ɗaya, ba tudu ba kwari.

Masu nazarin adabin baka a jami'o'inmu, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, sun daɗe da ware wa waɗannan waƙoƙi matsayinsu a cikin waƙar baka ta Hausa: na daka, na niƙa, na daɓe, na raino. Abin lura shi ne babu makaɗi a cikinsu. Mai aikin ita ce makaɗiya, ita ce mawaƙiya, ita ce mai rawa.

A gona da mabuga

A wajen maza kuwa an fi samun makaɗi na musamman. Ranar gayya, manoma kan jeru a bakin gona, mai gangar noma yana biye da su, yana kiran kowa da takensa. Saurayin da ya ji an ambaci sunansa da na ubansa a gaban jama'a ba ya yarda a bar shi a baya a kan kunya. Gangar tana daidaita saukar hauya, tana kuma zuga zuciya. Daga wannan fage manyan makaɗa suka fito. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya gaji kiɗan noma ne a gidansu kafin ya zama makaɗin fada da duk ƙasar Hausa ta sani. Haka sauran sana'o'i suke da nasu amon; kowa ya san kalangu na mahauta ne.

Ƙasar Rano tana da nata kaso a wannan tarihi. A labarin Bayajida, inda aka raba wa 'ya'yan Bawo ayyuka, Kano da Rano su ne sarakunan baba, wato masu rini. Tufar da ta fito daga karofi ba ta gama zama kayan kasuwa sai ta bi ta mabuga, inda maza ke zaune a gefen gungume suna dukanta da manyan itatuwa har ta yi sheƙi. Su ma, kamar masu lugude, bugunsu karɓa-karɓa ne, kuma daga nesa ake jin sa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin ƙasar suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Kowane turkuɗi da ya ƙetare Sahara ya sha wannan kiɗa kafin ya hau raƙumi.

Ba mu kaɗai ba ne a duniya. A 1896 masanin tattalin arziki Karl Bücher ya wallafa littafi a Jamus kan aiki da amo, yana hujjar cewa waƙa da kiɗa sun tsiro ne daga motsin jikin ma'aikaci. A da, a tsibiran yammacin Sikotilan mata kan zauna kewaye da tebur suna bugun sabon ulu da waƙar bayarwa da amshi, tamkar daɓenmu. A 1975 wani manazarci, James Koetting, ya naɗi ma'aikatan gidan waya na Jami'ar Ghana suna buga hatimi a kan wasiƙu, sun mai da aikin kiɗa har da fito. Dalilin ɗaya ne a ko'ina: jikin ɗan'adam yana son bin bugun da ke maimaituwa, kuma idan motsi ya hau kan amo, ba sai an yi tunanin kowane ɗagawa da saukewa ba, hankali ma yakan bar lissafin gajiya.

Majalisar da ba ta da zaure

Sai dai ƙarfin jiki rabin labarin ne. A gidan da kunya ta hana mace kiran sunan mijinta ko na ɗanta na fari, inda ba ta iya mayar wa uwar miji magana, bakin turmi shi ne majalisarta. A nan ake yi wa kishiya habaici ba tare da an kama suna ba. A nan ake yabon ɗan'uwa da ke nesa, a yi kewar gida, a yi wa miji marowaci shaguɓe yana zaure yana ji, ba shi da abin cewa domin waƙa ce. Kowace mace tana karɓar abin da ta gada ta ƙara nata, ta cire sunan wani gari ta sa nasu. Wato wurin aikin gida shi ne kuma wurin ƙirƙira.

Kaɗan daga wannan duniya ya shiga takarda. Baba ta Karo, wadda ta tashi a yankin Zarewa a kan iyakar Kano da Zazzau, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, kuma waƙoƙin mata da 'yan mata suna ratsa labarin nata. Wani kason kuma ya fito fili ta hanyar kiɗan ƙwarya da shantu, kayan kiɗan da asalinsu kayan gida ne. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta ɗauki ƙwarya da muryar tsakar gida ta kai su gaban lasifika, tana yi wa mata huɗubar su kama sana'a. Amadarta 'yar turmi ce.

Gidajen malamai ma ba su zauna shiru ba. Malaman jihadi sun soki kaɗe-kaɗen da ke haɗa maza da mata da shagala, amma sun san ƙarfin waƙa. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta zuba karatu a cikin waƙoƙi, jajoji suka kai wa matan ƙauyuka suka haddace. Har yau akwai tsofaffin da hannunsu ke tsintar shinkafa bakinsu na bin Ishiriniya ko Imfiraji.

Inji, rediyo, kaset, waya

Abu biyu suka sauya wannan tsari. Na farko injin niƙa, wanda ya bazu a garuruwa da ƙauyuka a rabin ƙarshe na ƙarni na 20. Kada wanda ya yi masa kallon ɓarna: ya ɗauke wa mata sa'o'i na durƙuso, ciwon baya da kantar hannu, kuma duk mai kewar dutsen niƙa, a bincika, ba shi ne ke niƙan ba. Amma ƙarar inji ba a yi mata amshi. Siminti ya kashe daɓe, aikin ƙwadago na kuɗi ya rage gayya.

Na biyu shi ne kiɗan da ke zuwa daga waje. A 1944 aka fara kafa akwatunan rediyo na waya a Kano. A 1957 BBC ta buɗe sashen Hausa. A 1962 aka kafa gidan rediyon Kaduna, wanda ya kai muryar Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos shagon tela da ɗakin mai ɗinkin hula. Ingila ta riga ta gwada wannan da gangan: daga 1940 zuwa 1967 BBC tana watsa shiri na musamman na kiɗa domin ma'aikatan masana'antu. Kaset ya biyo baya, sannan wayar salula daga 2001, sannan ɗan katin da ake cika wa waƙoƙi a bakin kasuwa. A 2020, lokacin zaman gida na korona, waƙar "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta sa matan aure rawa a ɗakunansu, aka ɗora a intanet, aka yi ta cece-ku-ce. Rawar cikin gida tsohuwa ce. Kyamarar ce baƙuwa.

Idan kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya. Ƙanwata mai wanki ba ta yi asarar kuzarin ba, kuma wanda ke zana gini ko ɗinki a kan keke da waƙa a kunne yana kan tsohuwar hanya, babu abin jin kunya. Ni dai na lura cewa waƙa mai kalmomi tana taimakona a shara da wanke-wanke, amma idan na zauna rubutu sai ta riƙa gardama da jimlolina, dole na koma ga kiɗa zalla. Abin da ya ɓace shi ne mallaka. Waƙar waya wani ne ya yi ta a situdiyo, ba ta san sunan kishiyarki ba, ba ta san an yi fari a garinku ba.

Waƙoƙin da suka san waɗannan abubuwa suna bakin matan da shekarunsu suka haura saba'in, kuma ba a rubuce suke ba. Wayar da ta maye gurbinsu tana iya naɗar murya. Kafin na baro Zurgu na roƙi kakarmu ta yi mini waƙar niƙa guda. Ta ce ba ta tunawa a zaune. Sai da aka jawo tsohon dutsen daga bayan ɗaki, aka zuba mata tafin dawa, ta durƙusa ta tura sau uku, sannan baitin farko ya zo.